Yoyon fitsari a Maraɗi: Idan ɗinki ya gagara, ta ina fitsarin zai bi?

Duk ranar 23 ga watan Mayu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2013 domin yaƙi da yoyon fitsari, saƙo ɗaya ne ake ta maimaitawa a gidajen rediyon jihar Maraɗi: cutar tana warkewa, a kawo mata asibiti. Gaskiya ne kuma. Mafi yawan matan da suka samu ƙwararren likita da wuri akan ɗinke musu kafar, su koma gida a bushe.

Sai dai akwai waɗansu da ba a cika jin labarinsu a irin wannan rana ba. Su ne waɗanda aka yi wa aiki sau uku, sau huɗu, wata ma fiye, fitsarin bai tsaya ba. A ƙarshe likita ya zaunar da mace da danginta ya ce babu sauran naman da za a ɗinka, abin da ya rage shi ne a sauya wa fitsarin hanya: ko dai ya riƙa fita ta wata ƙofa da za a buɗe a fatar ciki, ko a haɗa shi da babban hanji ya bi ta dubura.

A ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Rumji, irin wannan shawara ba ta tsayawa a ɗakin likita. Waya ake bugawa ga ɗan'uwan da ke Yamai ko Kano ko Legas ko Libiya, domin shi ne mai aiko kuɗi, shi ne kuma "wanda ya yi boko". Sau da yawa shi ma ranar ce ya fara jin akwai irin wannan aiki a duniya.

Yadda mafitsara ke lalacewa

Naƙuda ce da ta daɗe, kwana biyu, kwana uku, ɗa ya kasa fitowa. Kansa ya danne mafitsara da ƙashin gaba na ƙugu, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki mataccen naman ya zube, ya bar kafa tsakanin mafitsara da farji. A mafi yawan lokuta jaririn ma bai zo da rai ba. Ban da doguwar naƙuda, yankan gishiri da wanzamai da ungozoma ke yi yana haddasa cutar, haka ma kuskuren tiyata a hannun wanda bai ƙware ba.

Girman ɓarnar ya bambanta. Wata kafar ba ta fi ƙwayar wake ba. Wata kuwa ta cinye wuyan mafitsara da bututun da fitsari ke bi ya fita waje, tare da tsokar da ke riƙe shi. Abin da ya rage na mafitsarar sai ya motse, tabo ya sandare kamar busasshiyar fata. Irin wannan ko an rufe kafar, babu wurin da fitsari zai taru, babu kuma abin da zai riƙe shi.

Likitocin wannan fanni sun haɗu a kan magana ɗaya: aikin farko shi ya fi kowane damar nasara. Duk wanda ya biyo baya yana tarar da ƙarin tabo da ƙarancin lafiyayyen nama. Shi ya sa kai mace wurin da ya fi kusa ko ya fi araha, alhali babu gwani a wurin, kan zama asarar da ba ta mayuwa.

Jihar Maraɗi tana cikin wuraren da sharuɗɗan wannan cuta suka taru. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, a Maraɗi kuwa adadin ya haura 8. Kashi 76 cikin 100 na 'yan matan ƙasar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma Maraɗi tana sahun gaba. Gwamnati ta ayyana tiyatar fid da jariri kyauta tun 2005, amma kyauta ba ta kawo mota. Babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya ta ratsa Gidan Rumji da Cadawa da Agye da Gazawa, wanda yake bakinta ya ji daɗi. Wadda ke can cikin karkarar Gangara ko Gidan Sori ko Saye Sabuwa, da damina, amalanken shanu ne zai fara kai ta ƙaramin asibiti, daga nan a nemi motar da za ta kai ta inda ake tiyata. A Gidan Rumji kuma tun 2019 an ƙara da rashin tsaro a kan iyaka da dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, waɗanda aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Mace mai naƙuda cikin dare a irin wannan wuri sau tari asuba take jira.

Danja da Babbar Ruga

Wurare biyu ne sunansu ya fi yawo a bakin matan yankin. Na farko Danja, kudu da birnin Maraɗi kaɗan, inda aka buɗe cibiyar yoyon fitsari mai gado 42 a shekarar 2012, da haɗin gwiwar ƙungiyar mishan ta SIM da gidauniyar Worldwide Fistula Fund. Wanda ya kafa gidauniyar, Dokta Lewis Wall na Amurka, ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: kafin ya zama likita ya zauna a karkarar Arewacin Najeriya yana nazarin magungunan Hausawa, har ya rubuta littafi a kai a 1988.

Na biyu shi ne Babbar Ruga a Katsina, ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, inda Dokta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya fara aikin a farkon shekarun 1980, ya yi wa dubban mata tiyata, ya kuma horar da likitoci da dama daga Najeriya da Nijar. Wani abin lura shi ne, Danja da Babbar Ruga duka asibitocin kutare ne tun asali. Wurin da aka saba karɓar waɗanda jama'a ke gudu shi ya buɗe wa waɗannan mata ƙofa.

Akwai kuma cibiyar ƙasa da ke Yamai, da aikin da ake yi a Damagaram, da cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, da asibitin Maryam Abacha a Sakkwato.

Wata mai binciken halayyar al'umma, Alison Heller, ta bi mata 100 a cibiyoyi huɗu na Nijar, ta rubuta littafi mai suna Fistula Politics. Abin da ta gano ya saɓa wa labarin da ƙungiyoyin agaji suka fi son bayarwa. Mata da yawa sun shafe watanni suna jiran layi, da yawa kuma sun ci gaba da yoyo bayan aiki. Rufe kafa daban, tsayawar fitsari daban. Daga cikin waɗannan ne ake samun waɗanda a ƙarshe ake yi wa maganar sauya hanya.

Ƙofa a ciki, jaka a jiki

Aikin da ya fi shahara a duniya shi ne wanda likitan Amurka Eugene Bricker ya daidaita a 1950. Ana yanko wani yanki na ƙaramin hanji, tsawon santimita 15 zuwa 20, tare da jijiyoyin jininsa, a sake haɗa sauran hanjin ya ci gaba da aikinsa. Sai a ciro bututu biyun da ke sauko da fitsari daga ƙoda a dasa su a wannan yanki. A toshe bakinsa ɗaya, ɗayan a fito da shi ta fatar ciki, galibi ɓangaren dama ƙasa da cibiya. Wannan jan bakin mai laushi shi likitoci ke kira sitoma. Ba ya ciwo idan an taɓa, ba shi kuma da tsokar riƙewa, don haka fitsari yana ɗiga dare da rana cikin wata jakar roba da ake mannawa a fata.

Jakar tana da famfo a ƙasa, ana zubar da ita kafin ta kai rabi. Ana sauya ta duk bayan 'yan kwanaki. Ganin majina a cikin fitsarin ba alamar cuta ba ce, hanji ne yake yin abin da ya saba.

A Turai da Amurka wannan aiki an fi yi wa masu kansar mafitsara, kuma mutane suna shekaru da shi suna zuwa aiki, suna tafiye-tafiye, har iyo a ruwa. Sirrin kuwa shi ne jakar ba ta yankewa. Ita kanta jakar da ake mannawa a yar bayan amfani wata ma'aikaciyar jinya ce a Danmak, Elise Sørensen, ta ƙirƙiro a 1954 saboda 'yar'uwarta da aka yi wa tiyata ta daina fita cikin mutane. A kan wannan dabara aka gina kamfanin Coloplast.

To a nan ne gizo ke saƙa. Jakar nan daga waje ake shigo da ita, ba kuma kayan da za a tarar a kantin magani na ƙauye ba ne. Ba kuma sau ɗaya ake sayenta ba. Yarinyar da aka yi wa aikin tana shekara 20 za ta buƙace ta har ƙarshen rayuwarta. A watan Afrilu da Mayu zafi a Maraɗi yana wuce digiri 40, gumi yana sassauta gam, ga daka, ga ɗaukar ruwa, ga goyo da zanin da ake ɗaurewa daidai wurin. Ranar da jaka ta ƙare, fitsari zai koma zuba a jiki, wannan karon daga ciki, fatar kewayen ta saɓule. Rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya nuna yadda kayan asibiti ke iya yankewa rana tsaka ba tare da laifin marar lafiya ba.

Habasha ta riga kowa ɗanɗana wannan. Asibitin yoyon fitsari na Adis Ababa, wanda Dokta Catherine Hamlin da mijinta Reginald suka buɗe a 1974, ya yi wa mata irin wannan aiki, sai aka ga da yawa ba za su iya komawa ƙauyukansu ba saboda jaka da kulawa. Har ta kai an gina wani ƙauye a wajen birnin, Desta Mender, inda irinsu suka zauna kusa da asibiti. Sun bushe, amma sun rabu da gida.

Hanyoyin da ba sa buƙatar jaka

Akwai aikin da ake fitar da fitsari ta fata amma ba ya ɗiga. Ana ƙera wata ma'ajiya a cikin ciki da yankin hanji, a haɗa ta da fata ta siririyar hanya mai rufe kanta. A 1980 likitan Faransa Paul Mitrofanoff ya nuna za a iya amfani da afendis, 'yar wutsiyar nan ta hanji, a matsayin wannan hanya, kuma sau da yawa a cibiya ake ɓoye bakinta. Marar lafiya ita da kanta za ta riƙa zura siririyar roba duk bayan sa'a huɗu zuwa shida ta zubar da fitsarin, ta kuma riƙa wanke ma'ajiyar saboda majina da tsakuwa. A takarda wannan ya fi kyau. Amma yana son ruwa mai tsabta, da robar da ba ta yankewa, da asibiti a kusa. Ranar da robar ta ƙi shiga, fitsari ya taru ba mafita, lamari ne na gaggawa da ba ya jiran ranar kasuwa.

Shi ya sa likitocin yoyon fitsari da yawa a Afirka suka karkata ga hanyar dubura. Tunanin tsoho ne, tun 1852 John Simon ya gwada shi a Landan, amma tsohon salon ya riƙa lalata ƙoda, domin ƙarfin matsar hanji yana tura ƙwayoyin cuta sama. A farkon shekarun 1990 likitocin birnin Mainz na Jamus suka gyara shi: a tsaga ƙarshen babban hanji, a naɗe shi ya zama ma'aji mai faɗi marar matsi, sannan a dasa bututun ƙoda a ciki. Ana kiransa Mainz na biyu. Babu ƙofa a ciki, babu jaka, mace tana zagayawa kamar kowa, sai dai fitsari da bayan gida tare suke fita, ruwa-ruwa, sau da yawa a rana.

Shi ma da sharuɗɗansa. Dole ƙoda su kasance lafiya. Dole tsokar dubura ta kasance da ƙarfi, kuma naƙudar da ta ɓata mafitsara takan ɓata ta ita ma. Don haka kafin aiki ana ɗura wa mace ruwa ta dubura a ce ta riƙe na wasu sa'o'i tana yawo, a ga ko za ta iya. Bayan aiki hanji yana tsotse wasu gishirin fitsari ya mayar cikin jini, jinin ya yi tsami, mutum ya riƙa jin kasala da rashin cin abinci, daɗewa ƙashi ya yi rauni. Maganinsa ƙwayar bikabonet da ake sha kullum. Dangin kanwa ce, amma kada wani ya ce zai maye gurbinta da kanwar kasuwa, domin ba a san ma'auninta ko abin da ke gauraye da ita ba. Akwai kuma haɗarin kansa a mahaɗin bututun da hanji bayan shekaru masu yawa, abin da ke buƙatar dubawa lokaci-lokaci. Ga dattijo ɗan shekara 70 wannan haɗari yana da nisa. Ga yarinya 'yar 19 kuwa yana gabanta.

Wannan ne ya sa a 2008 Lewis Wall da Steven Arrowsmith da Brian Hancock suka wallafa gargaɗi a wata mujallar likitoci a kan yin irin wannan aiki a ƙasashe matalauta. Jigon maganarsu shi ne, yoyon fitsari yana wulaƙanta mace amma ba kasafai yake kashe ta ba, sauya hanya kuwa idan babu kulawar bayan aiki yana iya kashewa. Kuma kalmar "ba ta gyaruwa" tana da alaƙa da hannun wanda ya faɗe ta. Abin da ya gagari likitan da ya zo ziyarar mako biyu, mai yiwuwa bai gagari wanda ya shekara ashirin yana wannan aiki ba. A ganina wannan ita ce maganar da ta fi kamata iyalai su riƙe.

Ba mata kaɗai ba

Duk wanda ya tashi kusa da tabki ko Gulbin Maraɗi ya san tsargiya, har a wasu ƙauyuka ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya fara girma. Tsutsar da ke kawo ta, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, tana zuba ƙwai a bangon mafitsara. Shekara da shekaru na wannan kumburi na iya rikiɗewa ya zama kansa, kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta sanya tsutsar cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Magidanci mai shekara 40 ko 50 da ya ga jini ya dawo a fitsarinsa, kada ya ce tsohuwar tsargiya ce. Idan aka cire mafitsara saboda kansa, zaɓin da ke gabansa shi ne dai waɗannan da aka lissafa. Idan kuma an makara, wani lokaci abin da ya rage shi ne a fito da bututun ƙoda kai tsaye ta fata, ko a zura roba ta baya zuwa cikin ƙodar, don a sauƙaƙa masa.

Kada a rikita waɗannan da robar da ake sa wa tsofaffi ta ƙasan cibiya idan fitsari ya toshe saboda kumburin furostet ko tsukewar hanya. Ita ma ta fata take bi, amma mafitsara tana nan, kuma sau da yawa ta wucin gadi ce. Matsalarta ɗaya ce: ana barinta ta wuce lokacin sauyawa saboda nisa da kuɗin mota.

Salla fa?

Tambayar da takan zo kafin ta kuɗi ke nan. Mata da yawa masu yoyo suna daina salla da azumi da zuwa taro, suna ganin ba su da tsarki. A mazhabar Malikiyya da ake bi a yankin, fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba a mafi yawan lokaci ba ya karya alwala, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta nuna mustahabbi ne mai wannan larura ya sabunta alwala a kowace salla. Malamai na wannan zamani sun sanya mai jaka a ƙarƙashin hukuncin masu larura. Hukuncin a bayyane yake a littafi, isarsa ga matar da ke kwance a ɗaki a Cadakori shi ne aikin da ya rage wa limamai da masu wa'azi a rediyo.

Idan wayar ta zo gare ka

Ga wanda aka kira aka ce an yanke shawarar sauya wa ƙanwarsa ko matarsa hanyar fitsari, abu na farko shi ne a tambayi ko wani ƙwararren likitan yoyon fitsari na biyu ya duba ta ya yarda cewa ɗinki ya ƙare. Aikin nan ba a yinsa a asibitin gunduma, kuma da wuya a warware shi idan an yi. Babu gaggawa a cikinsa in dai ba kansa ba ce ko ƙoda na cikin haɗari.

Sannan a tambaya wane iri ne za a yi. Idan mai jaka ne, wa zai riƙa bayar da jakar, a ina, har zuwa yaushe, kuma me za a yi idan ƙungiyar da ta ɗauki nauyi ta tattara ta tafi? Idan ta dubura ne, an gwada ƙarfin riƙonta? An auna ƙodarta? Ina za ta riƙa zuwa gwajin jini, kuma nawa ne kuɗin mota zuwa can da dawowa? Mai aiko kuɗi ya san cewa kuɗin tiyata shi ne ƙarami, na bayan tiyata shi ne ba ya ƙarewa.

Kuma a bar ta ita ta yi magana. A al'adance miji ko uba ko wa shi ke sa hannu a takarda, amma jikinta ne za a sauya, ita za ta kwana da shi. A yi mata bayani da Hausa, a nuna mata jakar ta riƙe a hannu, in da hali ta gana da wadda aka riga aka yi wa. Wata za ta ce ta gaji, a yi. Wata za ta zaɓi ta ci gaba da tsumma da sabulu a cikin 'yan'uwanta. Duka biyun amsa ce ta mai hankali.

Akwai kuma abin da ke hana a kai ga nan tun farko, wanda Dokta Waaldijk ya daɗe yana koyarwa a Katsina. Macen da ta fara yoyo bayan doguwar naƙuda, idan aka sa mata robar fitsari nan da nan aka bar ta makonni huɗu zuwa shida tana shan ruwa da yawa, ƙananan kafofi da dama suna haɗewa da kansu ba tare da wuƙa ba. Sa robar aiki ne da ungozomar asibiti a Cadawa ko Tsibiri ko Gazawa za ta iya yi, matuƙar an kawo matar cikin kwanakin farko maimakon a jira ta gama wankan jego.